Ɗan Aji Ɗaya Ya Zo Neman Aurena

Ku gyara zama, jama'ar shafin nan. Ke Paulina ta Zumuntar Mata, na san kina karantawa a ɓoye ki je ki baza a bakin rijiya. To ki karanta da kyau, kada ki ƙara gishiri, yau ni da kaina na zuba isasshe.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Afiniki, a kasuwar Kafanchan ana ce mini Kaka Afi mai citta. Na daɗe ina ɗauko muku labarin mutane, wa ya sayi fili, wa aka gani a bayan babur ɗin wa, wane dattijo ne matarsa ke riƙe masa waya. Yau abin ya juyo kaina. Wani ɗan makaranta ne ya zo neman aurena, ɗan aji ɗaya a jami'a. Kafin ku kira mini 'yan sanda, ku sani ya girme ni, kansa fari fat, gwiwarsa ta dama tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Baba Dickson ke nan, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, yaransa suna Abuja, shi kaɗai a gida da rediyo. Laifin duk na jikata Yemima ne. Ita ce ke karatun Filosofi, ta gama digirin farko, yanzu tana mastas, har tana taimaka wa lakcaranta wajen koyar da 'yan aji ɗaya. Wata Lahadi bayan sujada ya tare ta a bakin majami'a ya ce, "Yarinya, wannan karatun naki me ake yi a ciki?"

Ta ce, "Tambaya, Baba. Mene ne adalci, mene ne rayuwa mai kyau, yaya mutum zai tabbatar abin da yake gani gaskiya ne."

Ina gefe na ce, "Tambaya kuma sai an je jami'a? Ni kullum ina yi a kasuwa, har a ba ni amsa da ƙari."

Shi bai yi dariya ba. Ya ce tun yana saurayi yake kallon jirgi ya zo ya wuce, tambayoyi cike da kansa, bai taɓa samun wanda zai zauna da shi a kansu ba. Ba a daɗe ba sai ga shi da jakar goyo. Ya shiga tsarin karatu na ƙarshen mako, yana hawa bas zuwa Jos tare da yaran da suka isa jikokinsa. Yemima ta ce a aji kujerar gaba yake zama, hannunsa kullum a sama, har malami ya roƙe shi ya riƙa bar wa yara su ma su yi kuskure.

Daga nan saƙo ya fara shigo mini waya. Ga ɗaya, ban goge ba:

"Afiniki, ina kwana. Jiya malami ya tambaye mu: idan aka canja wa taragon jirgi ƙarfe ɗaya yau, katako ɗaya gobe, har babu na asali ko guda, shin taragon nan shi ne na da? Na yi ta tunani a bas. Haƙorana na gaba ba nawa ba ne, idona na hagu an yi masa aiki. Ban sani ba ko ni ne Dickson ɗin da ya ga ana kai ki amarya Fadan Kagoma. Amma ko wane ne ni yanzu, yana gaishe ki."

Na ajiye wayar, na ɗauka, na goge gilashina da bakin zani, na sake karantawa. Sai na rubuta masa, "Ka ci abinci?"

Ya ce, "Tukuna. Ina tunani."

Na zuba faten acca a kula na ba ɗan acaba ya kai masa. Ku faɗi abin da za ku faɗa, kular nan ba ta dawo ita kaɗai ba, shi ya rako ta. Daga ranar, duk Laraba yana rumfata, ina ɓare citta yana ba ni labarin wasu tsofaffin Turawa masu gemu da suka yi ta gardama har suka mutu ba su shirya ba. Ni kuma in ba shi labarin layinmu. Abin da ya kama ni ke nan, jama'a: mutumin nan yana jin gulma kamar yana cikin aji. Ba ya katse ni. In na gama ya ce, "To amma ita matar, me ya sa kike ganin ta yi haka?" Ni tunda nake, ba a taɓa yi mini tambaya a kan gulmata ba, kowa kwasa yake yi ya gudu.

Matsalar ita ce Azariya, babban ɗana, uban Yemima. Malami ne a Gidan Waya, dattijo ne kuma a ekklisiya, irin mutanen nan da ko tari za su yi sai sun gyara wuyan riga. Ya kira ni.

"Mama, ina jin wani magana da ban gane ba."

"Ka je ka wanke kunne."

"Mama, ba wasa nake yi ba. Kin san al'adanmu. Macen da ta sake aure, gidan sabon miji ake kai gawanta. Filin nan da muka bari kusa da Baba, wa za mu sa a ciki?"

Mijina Obadiah yana kwance a bayan gidanmu na Fadan Kagoma, ƙarƙashin mangwaron da ya dasa da hannunsa. Tun ranar da aka rufe shi aka bar mini wuri a hagunsa. Ko akuya ba a ɗaurewa a can. Duk Kirsimeti Azariya ne ke zuwa da fartanya ya share wurin, nasa da nawa. Obadiah bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ba kuma na so a ce na guje shi. Amma Azariya ya faɗa mini a fili, in bai sa albarka ba, ba zai taka majami'a ranar auren ba, ƙannensa ma ba za su zo ba. Ni kuma ba zan tsaya gaban fasto da farin gashi, kujerun yarana babu kowa ba. In ya ce a'a, shi ke nan, Baba Dickson ya koma wa rediyonsa.

Da ƙyar Mildred, matar Azariya, ta shawo kansa ya yarda a zo gaisuwa a ji ta bakin mutumin. Aka sa wata Asabar da babu aji.

Ana jibi taron, muna shanya citta a tsakar gida ni da Yemima, ta ce, "Kaka, ki kwantar da hankali. Baba Dickson ya riga ya koyi abu mafi muhimmanci a karatunmu."

"Wanne? Rashin cin abinci?"

"A'a. Kafin ka kāre ra'ayinka, sai ka fara kawo duk hujjar da ke gāba da kai. Mafi ƙarfi za ka kawo, ba ka rage komai, ka faɗe ta fiye da yadda mai gardama da kai zai faɗa. Daga nan sai ka dawo ka amsa ɗaya bayan ɗaya. A wannan ya fi kowa a ajinsu."

Na ce, "Wato ka miƙa wa mutum sanda, ka juya masa baya."

"Kaka, ba faɗa ba ne. Gaskiya kuke nema tare."

"Ke kin taɓa neman gaskiya tare da babanki?"

Ta yi dariya ta ci gaba da baza citta. Da na sani, da tun ranar na kira mutumin nan na ce ya bar karatu a gida.

Ranar Asabar na ɗaura atamfata mai ganye-ganye ruwan goro, wadda ban sa ba tun bikin ƙanwar Yemima. Ɗankwalin sai da na kwance shi na sake ɗaurawa har hannuna ya gaji. Na ɗebi hodar Yemima kaɗan, ta gan ni ta madubi ta yi kamar ba ta gani ba. Mildred ta tuƙa tuwon acca da miyar karkashi, ta yanka zakara. Aka goge kujerun falo, aka cire ledar da ke kan babbar kujera, abin da ba a yi sai fasto zai zo. Hoton Obadiah yana sama da talabijin, da hularsa, yana kallon kowa.

Da rana tsaka sai ga su. Baba Dickson cikin kwat ɗinsa ta zamanin reluwe, takalmi yana ƙyalli, kuma, Allah shaidana, da katin shaidar ɗalibi rataye a wuya. Abokinsa Levi, tsohon hedimasta, shi ne mai magana, domin a wajenmu mai neman aure ba ya buɗe baki, ko da ya tsufa. Suka shigo da kiret ɗin lemo da ƙaramin buhun gishiri. Aka yi addu'ar buɗewa. Levi ya gyara murya ya fara, yadda aka saba, cewa sun ga wata fure a gidan nan.

Azariya ya ɗaga hannu. "Baba Levi, ka yi haƙuri. Wannan furen ta haife ni. Ina so in ji daga bakin Baba Dickson, me ya sa yake ganin wannan abu daidai ne."

Na ga idon Dickson ya kawo haske, irin na yaron da tambayar da ya karanta ta fito. Ya miƙe, gwiwar ta yi ƙararta, ya ɓalle maɓallin kwat.

"Ɗana, na gode. Zan fara da dalilan da suka sa bai kamata mahaifiyarka ta aure ni ba."

Levi ya kama bakin kwat ɗin ya ja. Dickson ya fizge.

"Da farko, na tsufa. Ina da hawan jini, ina da sukari. Mai yiwuwa ne ba aure za ta yi ba, jinya za ta ɗauka. Ta riga ta yi jinyar miji ɗaya har ta rufe masa ido, ba adalci ba ne a sa ta yi na biyu."

Azariya ya gyaɗa kai.

"Sannan mutane za su yi dariya. Kai dattijo ne a ekklisiya, kana tsayawa gaban jama'a. Za a ce uwar dattijo ta bi ɗan makaranta. Wannan kunya ba kai ka jawo ta ba, amma kai za ka ɗauka."

Azariya ya ce, "Haka ne."

Ni kuwa ina ta zare wa Dickson ido, ina taka ƙafar Yemima. Ita kuma wai murmushi take yi, tana raɗa mini, "Kaka, yana yi da kyau."

Dickson ya ci gaba: "Kuma ni ba na zama a gida ƙarshen mako. Gidana babu rijiya. Ina minshari, marigayiya matata ta sha faɗa. Amma mafi nauyi duka," ya juya ya kalli hoton Obadiah, ya ɗan rusuna, "shi ne wancan bawan Allah. Na san shi, mutumin kirki ne. Ya gina gidan nan, ya kwanta a bayansa yana jiran matarsa. Bisa al'ada, in ta aure ni, ni zan ɗauke gawarta. Wato zan raba mutum da abin da aka yi masa alkawari, a lokacin da ba shi da bakin da zai ce a'a. Ku yara kuma in kun zo gaishe da iyayenku, sai ku raba ƙafa gida biyu. Wa ya ba ni wannan iko?"

Mildred tana share hawaye da bakin zani. Ni kaina, jama'a, sai da na ji kamar in ƙi shi.

Ya ja numfashi zai ci gaba, sai Azariya ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Baba, Allah ya yi maka albarka. Ni kaina da na kwana ina shirya maganan nan, ban iya tsara shi haka ba. Ashe karatun nan yana da amfani. Tunda kai da bakinka ka gani, mun gama lafiya, babu ɓacin rai."

"A'a, ɗana, wannan kashi na farko ne, yanzu zan..."

"Ya isa, Baba, kada ka wahalar da kanka. Ka zauna, gwiwa."

Yemima ta ce, "Dadi, bai amsa ba tukuna, yanzu ne zai..."

"Ke, manya suna magana." Ya juyo wajena, fuskarsa a sake, irin ta wanda aka sauke wa kaya. "Abinci yana hucewa. Mama, ke ce babba, ki rufe mana da addu'a."

Kowa ya sunkuyar da kai. Dickson ya zauna daɓas, bakinsa a buɗe, kashi na biyu a maƙale a wuyarsa.

To, ku da kuka tashi a majami'a kun sani. Za a iya katse hedimasta, za a iya katse ɗan jami'a, har fasto ana nuna masa agogo. Amma ba a taɓa katse tsohuwa tana addu'a ba. Na gyara ɗankwali, na rufe ido.

"Ya Ubangiji Allahnmu, mun gode. Ka ji abin da bawanka Dickson ya faɗa, duk gaskiya ne, minsharin ma na ji labari. Ya ce yana da hawan jini. Ubangiji, kai ka san nawa ya fi nasa, a layi ɗaya muke karɓar magani. Wanda ya riga faɗuwa, ɗayan ya ɗaga shi.

"Ya ce mutane za su yi dariya. Ya Uba, ni na san mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, na san abin da ke ƙarƙashin gadon kowa. Wadda ta fara dariya, ka ba ni ƙarfin riƙe bakina, domin ni kaɗai ba zan iya ba."

Na ji Levi ya yi wani tari.

"Ka tuna da bawanka Azariya. Ka tuna ranar da ya je neman Mildred da takalmin aro, ya matse shi har yana ɗingishi, kawunanta suka ce ba za su ba gurgu 'yarsu ba. Wa ka aika ya tsaya masa, in ba ni ba? Ba na tuna maka don ka manta ba, Ubangiji, don wasu ne a ɗakin nan."

Mildred ta shaƙe dariya har kujera tana motsi.

Daga nan muryata ta canja, ba da nufina ba. "Kai ka san gidan nan in yara sun koma. Ina tuƙa tuwo in ci ni kaɗai. Ina dawowa kasuwa da labari cike da baki, babu wanda zan ba, har na fara ba kaji. Ban manta da Obadiah ba, kai shaida ne, kowace safiya ina gaishe shi kafin in ɗebi ruwa. Amma shi ka kira shi, ni ba ka kira ni ba tukuna. Sauran kwanakin da ka bar mini, ina so in yi su da mai amsa mini magana.

"Maganar kabari kuwa, ban san amsarta ba. Ta fi ƙarfina. Akwai ɗan makaranta a nan da bai ƙarasa ba, in ka ga dama ka buɗe masa hanya. Cikin sunan Yesu."

Yemima ta ce Amin. Mildred ta ce Amin. Levi ya ce Amin da ƙarfi kamar a filin taro. Daga wajen Azariya, shiru.

Ni kuma na ƙi buɗe ido. Addu'ar da mai gida bai ce wa Amin ba ai ba ta rufu ba, babu mai tashi, babu mai taɓa kwano. Ina jin ƙamshin zakaran nan yana ta tafiya a banza. Ina jin kaza a tsakar gida, ina jin babur ya wuce a hanya.

Can sai na ji muryarsa, ba ta dattijon ekklisiya ba, ta yaron da nake goyawa in je gona.

"Mama, Baba zai kwanta shi kaɗai ke nan?"

Sai Dickson ya yi magana daga inda yake zaune, a hankali, bai ko miƙe ba.

"Ɗana, amsar da na zo da ita ke nan. Na daɗe ina juya ta. Al'ada ta ba ni gawar, gaskiya ne. Amma abin da aka ba mutum, yana da iko ya ce ba ya karɓa. Ni ma akwai mai jirana a bayan gidana, ba zan kai mata baƙuwa ba. Ranar da Ubangiji ya kira Afiniki, in ina da rai, ni zan fara riƙe akwatin zuwa ƙarƙashin mangwaron nan. Zan faɗa gaban fasto, gaban yarana, gaban dangin Obadiah. Ba na neman wurinsa. Hira nake nema, kafin dare ya yi mana."

Na ji Azariya ya ja hanci. Na ji ya fitar da hankici ya fyace, da ƙarfi, yadda ubansa ke yi.

"Amin," ya ce.

Na buɗe ido. Idonsa ja wur, yana kallon silin. Sai ya gyara wuyan riga, dattijon ya dawo jikinsa.

"Amma da sharaɗi. Mu a gidan nan ba ma ba da mace ga ɗan makarantan da bai ci jarrabawa ba. Haka na faɗa wa masu zuwa wajen Yemima, ba zan canja don uwata ba. Baba Dickson, ka kawo mini sakamakon semestan nan. In babu faɗuwa ko ɗaya, sai mu sa rana."

Levi ya tafa hannu yana dariya, Mildred ta yi guɗa ta ruga kicin. Ni ma na buɗe baki zan yi tawa, sai na lura angon nawa bai yi dariya ba. Yana ta juya katin da ke wuyarsa, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

Na matsa kusa da jikata na ce a hankali, "Ke, ba kin ce ya fi kowa a aji ba?"

"A gardama, Kaka." Ta ƙi haɗa ido da ni. "Akwai wani darasi, Lojik, mai alamomi kamar lissafi. Sun rubuta makon jiya."

"To?"

"Ya fito daga ɗakin jarrabawa ya tambaye ni ko ana barin mutum ya maimaita."